Na Riƙe Tasar Da Aka Zuba Jinin Mijina

Anti Saude, ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Mijina Hammadu wata huɗu ke nan tuwo ba ya wuce masa, sai kunu, shi ma da ƙyar. A babban asibiti a Kano aka ce ciwon daji ne a hanyar abinci. Likita ya zana mana a takarda: za su yanke wurin, su jawo tumbinsa sama su haɗa. Ya ce dole a datse wasu jijiyoyin jinin tumbin, kusan guda ɗaya za a bari ta ciyar da shi. In jini bai isa bakin ɗinkin ba, wurin zai mutu, ɗinki ya ɓalle. Ya ba mu maganin ƙarin jini, ya ce mu tattala jininsa.

Da muka dawo gida Nariya, Bappansa, wanda ya raine shi, ya ce mataccen jini ne ya tare ƙirjin. Ya kawo wanzami daga Rano, aka yi masa ƙaho a baya da ƙirji, har sau biyu. Ni na riƙe tasar, Anti. Ina kallo, maganar likita tana dawo mini, amma ina ni ina musu da Bappa? Yanzu in ya miƙe jiri yake ji. Saura kwana goma a yi aikin, Bappa kuma zai dawo da wanzamin ran Juma'a. Hammadu ya roƙe ni kada in gaya wa likita, wai za a ɗaga aikin, a kuma ga wautar Bappansa. Tsoro nake ji. In faɗa, ko in yi shiru?

Mai tsoro, daga Nariya

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ki daina zargin kanki, riƙe tasa kika yi, ba ke kika riƙe aska ba. Bappa ma ƙauna ce ta sa shi, da abin da ya sani ya zo. Hammadu kuwa kunyar wanda ya raine shi yake ji, kuma ya gaji da jira.

Amma ki faɗa, gobe ma. Ni ba likita ba ce, na dai tambayi wata likita. Ta ce jinin ƙaho ga mai lafiya ba wani abu ba ne, amma ga wanda ya yi wata huɗu a kan kunu yana iya zama babba, kuma tsagar tana iya ɗaukar ƙwayar cuta. Sai sun auna za su san ko ƙari yake buƙata ko jinkiri. Sannan wane ɓoyo? Da ya tuɓe riga likita zai ga shatin ƙaho. Gara ya sani tun da sauran kwanaki.

Fara da mijinki. Ki gaya masa kina ganin girman roƙonsa, amma ransa ya fi. Ku tafi da Bappa, ya ga zanen da idonsa. Mai noman rani ya san halin shukar da rariya ɗaya ke shayarwa.

Ƙahon Juma'a kuwa, ki tsaya da ladabi ki hana. Jinin da ya zuba a tasa ya tafi, wanda ya rage shi aka ba ki tsaro. Allah ya sa a yi aiki a sa'a, ki tuƙa masa tuwo ya ci a gabanki.