Kakin sikawut a hanyar Isa

Assalamu alaikum Malam Marwan. Don Allah ka taimaka mini kafin ranar Asabar, don ban san wanda za ni tunkara da maganar ga ba. Ni ne shugaban ƙaramin rukuni na 'yan sikawut a makarantarmu, nan Sabon Birni. An gayyace mu taro a Isa ranar Asabar ɗin, kuma malaminmu, Malam Halliru, ya ce kowa ya fito daga gida cikin kaki, da hula da ƙyallen wuya, haka doka ta ce.

Malam, kakin nan nike tsoro. Ranar kasuwa munka fito share hanya cikin kaki, wata tsohuwa ta tare mu tana sa mana albarka, wai Allah ya tsare 'yan sa-kai. Yaran sunka yi ta dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. In tsohuwar da ke gabanmu ba ta bambance mu ba, ina ga 'yan bindiga daga cikin daji? Direbobi na faɗin in sun tare mota, mai kaki suke fara fitarwa. Mahaifiyar Talha, ƙaraminmu, da sunka baro Gatawa bara, ta zo har ƙofar gidanmu ta ce ni ta ba amanarsa. Tun ranar abinci ba ya shiga. In na yi magana a ce matsoraci ne ni, a ba mataimakina Faruk shugabancin. In na yi shiru, ban san da wace fuska za ni dubi matar nan ba.

Ɗalibinka mai damuwa, Sabon Birni

Wa alaikumus salam, ɗana. Matasa da yawa sun ɗauka shugaba shi ne wanda ba ya jin tsoro. A sikawut kuwa aikinka na farko shi ne ka mayar wa kowace uwa ɗanta lafiya, kuma tsoron nan naka yana cikin aikin.

Malam Halliru ma yana da hujja. Kaki na sa a gane ku a shingen jami'an tsaro, yaro kuma ba ya ɓacewa cikin taro. Wataƙila bai ji abin da ka ji a bakin direbobi ba. Same shi shi kaɗai, ba gaban yara ba, ka faɗa masa maganar tsohuwar nan kamar yadda ka faɗa mini. Ka je da mafita a hannu: a tura kakin Isa tun kafin ranar, ku tafi cikin kayan gida, ku sa a can. Da safiyar tafiya a tambayi 'yan tasha halin hanya. In sun ce ba kyau, a fasa. Taro ba ya ƙarewa.

In ya ƙi, ka sanar da mahaifinka, ku gaya wa iyayen yaran gaskiya, su yanke da kansu. Mai yiwuwa ka rasa shugabancin, ba zan ɓoye maka ba. Ana sake naɗa shugaba, amma mahaifiyar Talha ba ta da wani Talha.

Gwada zuwa wurinsa gobe bayan la'asar. Allah ya sa ya saurare ka, ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.