Libarba Biyu na Hajiya Dalal

Lahadi, 2 ga Fabrairu, 2025
Hajiya Dalal ta kawo tsofaffin libarba biyu na marigayi mahaifinta shagonmu na kayan tarihi a tsohuwar unguwar Balad. An toshe bakinsu tuntuni. Kafilina Saif, mai shagon da ya tsaya min a ƙasar nan, ya ce in goge tsatsa kawai. Ɗaya ƙirar Ingila, ɗaya ta Beljiyam, amma kamar tagwaye: gajeren baki, ƙota iri ɗaya, har lanƙwasar kunama.

Talata, 4
Ta dawo tana faɗa. Wai duka biyun na Ingila ne, ni na sace ɗaya na sa jabu. Ni Ikrama! Shekara tara ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Saif ya sunkuyar da kai, ko uffan. Har ta ambaci 'yan sanda. Ga iƙamata, takardar izinin zamana, saura wata biyu ta ƙare.

Laraba, 5
Na kasa cin abinci. Duk wannan, wani maƙerin Beljiyam da ya mutu shekara ɗari da wani abu ne ya ja min. Ɓarawon fasaha. Ka ƙera naka mana!

Alhamis, 6
Na kwance ta Beljiyam ɗin a gabansu. Na nuna musu tambarin gwajin Beljiyam a jikin gidan harsashi, tsatsa ce ta rufe shi. Na ce maƙeran can sun yi ta kwaikwayon ƙirar Ingila suna sayarwa da araha. Ta ce hoton mahaifinta zai raba gardama. Aka buɗe waya, ga wata tsaga a ƙotar libarbar da ke hoton, daidai da ta wadda ke hannuna.
"Halas," in ji ta, wato magana ta ƙare. Shi ke nan. Ba haƙuri, ba komai. Wai in jefar da jabun ma, ba ta so.
Saif kuma sai yanzu bakinsa ya buɗe: "Ai na san ka, ya Ikrama." Ina ka ajiye sanin ran Talata?

Asabar, 8
Ban gaishe shi ba.

Litinin, 10
Na ɗauko ta Beljiyam ɗin in mayar da ita yadda take kafin a san inda za a kai ta. Cikinta duk sawun zarto ne, da hannu maƙerin ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Kunamarta ta fi ta Ingilan laushi, na gwada sau uku. Ba yabonsa nake ba.
Na tambayi Saif ko zan iya riƙe ta a teburina. Don kada ta sake tsatsa ne kawai.