Yadda Na Ceci Binciken Maganin Gwiwa

Zuwa ga Yaya Muntari, Gawon Nama, Sakkwato.

Bayan gaisuwar girma, yaya Inna da su Rahama? Ni lafiya lau, sai ɗan tarin da sanyin Ingila ya karrama ni da shi. A aiko mini da yaji.

A shelanta wa unguwa nasarata. Likitocin da suka ɗauke ni mashawarci sun so sallamata, wai bincike ya kammala: duk Basakkwacen da ya sha maganinsu na gwiwa ya ce da sauƙi. Na miƙe na ce, "Ranku ya daɗe, mutanenmu ko a bakin kabari haka za su amsa. A tambayi masu jinyarsu."

Aka tambaya, ashe rabin waɗanda suka sha maganin har yanzu a zaune suke salla. An sabunta aikina, har da kujera mai juyawa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Abdulrazak