Motar Muktari Ba Ta Hayaƙi

Tawa, ƙasar Adar

Zuwa ga yayana Attahir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali, ya sauƙaƙa muku sanyin Beljik. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, faɗa kuwa ba ta rage ko kaɗan ba.

Babbar motar da ka aiko wa maigidana Muktari ta kusa haɗa mu rigima. Ka san mutanenmu, a wurinsu motar da ba ta turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi ba ta da ƙarfi. Da ya kai ta tashar albasa, 'yan kasuwa suka zagaya bayanta, suka leƙa salansa, bututun hayaƙin nan, suka ce wannan ba za ta hau tudu da kaya ba. Haka ya yi ta dawowa gida ba lodi. Wani bakanike ya ce a cire tukunyar da ke tace hayaƙin, a daina zuba mata ruwan nan na tanki mai shuɗin marfi, wai sai ta yi gurnani irin na maza. Muktari har ya sa rana.

Ni kuwa na ce ban yarda ba. Ka tuna tsohuwar motarsa, yadda yake ɗumama ta kullum da safe a ƙofar gida, 'yarmu Salima tana ɗaki tana neman numfashi, ni ina riƙe da ita ina kuka? Tun zuwan wannan, 'yar taka ba ta sake kwana asibiti ba. Na faɗa masa in ya taɓa tukunyar nan, to ya kai motarsa ƙauyensu Afala, shi ma ya zauna can. Ya yi fushi, har ya ƙi cin tuwona. Washegari na gan shi tsaye yana kallon Salima tana tsalle-tsalle da ƙawayenta a gefen motar, injin yana aiki. Bai je garejin ba.

Har yanzu cikin 'yan kasuwar Alhaji Alƙasum kaɗai ke ba shi lodi, muna lallaɓawa da abin da ya samu. Inna ce dai ke ƙorafi, jiya ta ce: "Da, tarin Salima ka shaida min Muktari ya iso. Yanzu sai dai in ji sallama tai." Na yi dariya har da hawaye, Yaya. Allah ya saka maka da alheri.

Ka gaida Anti Husna da su Bello. Salima ta ce in ka zo za ku yi tsere.

Ƙanwarka,
Raƙiya