Agogon da Na Ɗora a Tebur

Birnin Heg, ranar Laraba, Nuwamba 1903

Aleida, farin cikin raina, matata ta shekara talatin da ɗaya, madatsar da ta tare mini teku har na yi barci ban san ana ambaliya ba!

Yau kwana goma sha biyu da tafiyarki gidan ƙanenki a Harlingen, kuma sai yanzu na iya zama in rubuto. Ba hujja na zo da ita ba, godiya ce, ga ta a makare.

Na gode da shekara ukun da kika yi kina jinyar Inna. Ni da ta haifa da cikinta ina can ɗakin taro, ina sasanta ƙasashe biyu a kan jirgin kamun kifi da aka kame, ke kuwa kina juya ta a gado, kina ba ta romo cokali-cokali, kina wanke abin da ba a faɗa. Jaridu sun buga sunana. Wa ya buga naki? Ashe hannun da ya riƙe gidana shi ya riƙe alƙalamina, ni ban sani ba.

Kin tuna ranar da ƙanƙara ta daskarar da magudanar bayan gidanku, ina saurayi mai ji da boko, na zame na faɗi a gaban babanki? Kowa ya yi dariya. Ke ce kika miƙo hannu kika ce, "Tashi, malam lauya, ƙanƙara ba ta san digiri ba." Ba ki tsaya jin ko laifina ne ko na takalmi ba, kika ɗaga ni kawai.

To ga abin da na saka miki da shi. Mun dawo daga binne Inna, ana shan kofi, Yaya Geertruida ta dube ki a gaban dangi ta ce ke kika bar taga a buɗe sanyi ya kashe tsohuwa. Kika juyo kika kalle ni. Ni kuma, gwanin sulhun duniya, na zaro agogon aljihu na ɗora a tebur, na ce kowacce minti goma, Yaya ta fara tunda ita ta kawo ƙara. Haka muke yi wa jakadu, kuma wallahi a lokacin gani nake adalci na yi. Kika miƙe a hankali kika ce, "Evert, miji na aura, ba alƙali ba." Kika ɗauki mayafinki.

Kaico! Rabin rayuwata ina koya wa ɗalibai cewa mai sulhu ba ya zama a shari'ar da zuciyarsa ke ciki. Ina zuciyata take in ba wurinki ba? Na gode da kalmar nan, Aleida, ko da ta yi zafi. Babu wanda ya taɓa gaya mini gaskiya a gajarce haka.

Jiya na je gidan Yaya. Ban zauna ba. Na gaya mata Inna da kanta take roƙon a buɗe tagar don ta ji ƙararrawar coci, kuma ko da ba haka ba ne, bakin da bai kwana a ɗakin jinya ba ba shi da ta cewa. Ta ce, "Au, yau kuma ɓangare ka ɗauka?" Na ce eh, na makara ma.

Ranar Asabar zan hau jirgin ƙasa in zo. Gidan nan ya yi mini faɗi, ina kewarki. In kin buɗe ƙofa, na gode. In ba ki buɗe ba, Asabar ta gaba ma zan zo. Ba zan roƙi ki saurari ɓangarena ba, domin ba ni da shi.

Naki, a bayanki, da gaskiyarki da kuskurenki, har a rufe ni da ƙasa,

Evert