Riƙon Dutsen Guga

Yaya Myeong-suk,

Gaisuwa daga Nagoya, da fatan kuna lafiya a Busan.

Ranar tara ga Afrilu da hantsi zuciyar Hye-rin, 'yata, ta tsaya a gidan tarihin da take aiki. Ina cin abinci, kada ki damu.

Jiya na halarci zaman da takan shirya wa tsofaffi masu ciwon mantuwa a can, inda ake ba su kayan amfani na zamanin da su taɓa. Da na ɗauki dutsen guga na gawayi, ɗaya daga cikinsu, Kaka Tomie, wadda sunan ɗanta ma ya ɓace mata, ta doke hannuna: "Kai, farfesa, za ka ƙona rigar mutane! Ashe a wurinka yarinyar nan ta gaji wannan riƙon. Ina ta shige ne?"

Na yi dariya har da hawaye.

Har yanzu ban gaya mata ba.

Ƙanenki,
Dong-uk