Dutsen Taimama Daga In Ekker

Malama Zuhura, ki taimaka mini da shawara, abin ya fi ƙarfin kaina. Ni ban yi lekkol ba, wato boko, maƙwabcina Malam Sharifu ke rubutawa, kuma na ce kar ya gyara mini magana.

Ni mutumin Damagaram ne, na tsufa a Tamanrasat, can arewa cikin hamada, ina sayar da yadi. Ina saurayi muka zo da yayana Uwaisu, muka yi wa Nasara lebura a In Ekker, inda suke fasa bam ɗinsu a cikin dutse. Ranar da dutsen ya tsage ya amayo baƙin hayaƙi, Uwaisu na kusa. Bai mutu a ranar ba. Gashinsa ya zube, ya yi ta ramewa shekara da shekaru, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce mana sannu. Da zai cika, ya riƙa cewa yana jin ƙarfe na gungurowa daga arewa ta ƙarƙashin ƙasa, wai a shirya kaya. Mutumin da bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba!

Tun daga nan ƙafata ba ta sake taka hanyar In Ekker ba. 'Yata Ummusalma na aure a In Salah, in zan je ganin jikoki jirgin sama nake hawa, in rufe ido har mu wuce dutsen. Yanzu ana ta cewa za a jawo dogo daga arewa, in ya iso a daina waɗannan gajerun tafiye-tafiye na sama, wai jirgin ƙasa ya fi araha, bai cika hayaƙi ba. Hayaƙi! Ni za a gaya wa hayaƙi?

Abin da ya fi ci mini rai, autana Habibullahi ne ke tuƙa motar masu awon hanyar. Na hana, bai hanu ba. Ban taɓa ba shi labarin Uwaisu ba, wannan ba maganar yara ba ce, uba ya ce bari ai ya isa. Da sanyi ya shigo hannuwana suka tsattsage, ruwa ya gagare ni, sai ya kawo mini tsarabar dutsen taimama, baƙi, sumul, yana ƙyalli kamar kwalba. Na sa masa albarka, na yi ta dafa shi ina shafa fuskata. Sai daga baya yake cewa a gefen In Ekker ya tsinto shi.

Tun ranar nake jin abin. Da rana tsaka, bayan azahar, in unguwa ta yi tsit: ƙarfe na gungurowa daga arewa. Dutsen kuma da ɗuminsa ko a inuwa ya wuni. Kyanwar gidan ta daina shiga ɗakina. Matata Rakiyatu ta ce kamyo ne, motar ɗaukar kaya, a babbar hanya. Na san kukan kamyo.

Na ce wa yaron in ya koma aikin nan, ba ni ba shi. Motarsu za ta tashi bayan Juma'a. In janye maganata ko in bar ta? Dutsen na nan ƙarƙashin buzuna, na kasa jefarwa, na yi salla da shi.

Tsoho mai taurin kai, unguwar Gataa El Oued

Amsar Malama Zuhura: Baba, Allah ya jiƙan Uwaisu. Mu fara da dutsen. Ban san ko yana da illa ba, ido ba ya ganewa, ɗuminsa kuma ba shaida ba ne. Amma wurin da ya fito ya isa dalili. A fitar da shi daga ɗaki yau, ba da hannu tsirara ba, a ajiye nesa da yara, a sanar da hukuma su auna shi. Sallolinka na nan, Malam Sharifu zai tabbatar maka, kowane dutse mai tsarki zai yi maka taimama. Ka je likita a duba hannuwanka, kunnenka da jininka. Hawan jini ma na sa kunne ruri, kuma ƙarar ba ta fara ba sai da ka ji sunan wurin.

Batun dogo, har yanzu awo ake yi, ba wanda ya hana ka jirgin sama. In ya zo, zai kai tsofaffin da ba su da halin hawa sama wajen 'ya'yansu. Amma tsoronka ba camfi ba ne, ka ga abin da ka gani, kuma haƙƙin Habibullahi ne ya tambayi shugabanninsa inda hanyar za ta bi da irin kariyar da aka tanadar musu.

Sai dai yaya zai tambaya, bai san komai ba? Ɗan da ya hango dutse a daji ya tuna hannuwan ubansa ba ɗan tsinewa ba ne. Rashin sani ya sa ya ɗauko, labarin kuwa a bakinka yake. Ka janye maganarka kafin Juma'a, ka zaunar da shi ka gaya masa yadda baffansa ya ƙare, kar ka rage komai. In ya fasa tafiyar, to. In zai tafi, ya tafi da sanin inda ba a tsayawa, da abin da ba a ɗauka, da albarkarka. Uwaisu ya ce a shirya kaya, Baba. Kayan ke nan.

Allah ya ba ka lafiya, ya dawo maka da autanka lami lafiya.